Yawan Haihuwa Ne Ya Ɓata Damina?

'Yan'uwa manoma, wasu suna cewa yawan 'ya'yanmu ne ya sauya yanayin duniya. Ba mu yarda ba. Gaskiya ne aikin ɗan Adam ne ke ƙara zafi, amma yawancin hayaƙin daga kwal da man fetur na Amurka, Turai da Sin yake fitowa. Na Afirka duka bai kai kashi 5 cikin ɗari ba.

Abin da ke hannunmu yana gona. Da aka yi yawa, an daina barin saura ta huta, an sare gawo da marke. A ƙasar Maradi, tun daga 1983, manoma suka fara barin kututture ya yi toho lokacin sassabe, gonaki suka farfaɗo. Bana kowace ƙungiya ta gwada haka a gonarta ta haɗin kai.