Masaƙa ba ta koyuwa sai da mai saye

Duk wanda ya shiga falon babban ɗan kasuwa a Birnin Ƙonni, ko gidan ma'aikacin gwamnati a Illela ko Malbaza, abu ne mai wuya ya rasa darduma rataye a bango. Wata da hoton Ka'aba, wata da ɗawisu ko barewa a bakin rafi. Kusan dukkansu inji ne ya saƙa su a ƙasashen waje, aka shigo da su cikin kayan alhazai ko ta hannun ƴan kasuwa. Alhali kuwa yankin nan ƙasar auduga ce, ƙasar masu kaɗi da masaƙa da marina.

Mai karatu ya san kwarin Magiya. Tun kafin samun ƴancin kai na 1960 kamfanin CFDT ya ba da ƙarfi ga noman auduga a wannan kwari, aka kafa injin gurza a Madawa. A zamanin mulkin Seyni Kunce aka gina filin noman rani na Ƙonni, mai faɗin fiye da hekta 2.000, wanda madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, kuma an daɗe ana noma auduga cikinsa da damana. To amma audugar ta tafi a ɗaure cikin manyan motoci, ba ta biya ta ƙofar masaƙi ba. Da zaren kanti ya yi araha, tsohuwa ta aje mazari da alli. Da atamfa da gwanjo, wanda ake kira bosho, suka cika kasuwar Laraba, sai sawaye da gwado suka rasa masu nema.

Har karyewar darajar sefa, ranar 12 ga watan Janairu 1994, wadda ta tsadar da kayan Turai, ba ta mai da samari masaƙa ba, domin kayan Najeriya na nan kusa, ƙetaren iyaka kawai.

Koyon saƙa ba aikin wata guda ba ne. Yaro ba ya fara zama kan masaƙa. Yana farawa da naɗa zare a kwarkwaro, yana kallon hannun maigidansa. Daga nan sai wadari: a kafa turaku a fili, ya riƙa kai da komowa da zare yana ƙirga, domin in ya ɓata lissafi a nan, duk abin da za a saƙa ya ɓaci tun ba a soma ba. Bayan haka ya koyi zura zare ɗaya-ɗaya cikin allira da matsefi, aikin da ke cin ido da haƙuri. Sai an ga ya natsu sannan a bar shi ya taka da ƙafa, ya jefa ƙoshiya, ya buga, kunkuru na jan zaren tsaye daga nesa yana matsowa sannu a hankali. Farin ƙyalle zalla zai yi ta saƙawa, har gefensa ya daina shiga da fita.

Saƙar zane kuwa, wadda ake yi wa luru da kayan rataya, wani mataki ne dabam. A nan ƙoshiya ba ta ƙetare faɗin saƙa gaba ɗaya. Masaƙi na aje ta, ya ɗauki zare mai launi da yatsa, ya bi da shi iyakar inda launin ya tsaya, ya juyo da shi, ya ɗauki wani launin daga nan. Yana danne abawa sosai har ta rufe zaren tsaye, ba a ganinsa. Abin da ya fi wuya shi ne masaƙar maza ƙwarya ɗaya take fitarwa, mai faɗin tafin hannu ko ɗan fiye. Sai an ɗinka ƙwarya da ƙwarya kafin bargo ya tashi, kuma dole zanen wannan ya sadu da na waccan daidai wa daida. Ba takarda, ba alƙalami. Guntun kara ne ma'auni, sauran lissafin a ka yake. Yaron da ya iya wannan ya iya lissafin da ɗan lakkwal zai yi gumi kafin ya fitar a allo.

To wane uba ne zai ba da ɗansa shekara biyu ko ukku ga wannan? A garin bakin iyaka, saurayi na iya hawa kabu-kabu ko ya tsaya da kwalaben mai a bakin hanya, ya koma gida da kuɗin cefane ranar da ya fara. Ba lalaci ba ne, lissafi ne. Masaƙin ma ba zai ɗauki yaro ya ci da shi, ya bar shi yana ɓata zare, alhali shi kansa ba ya da tabbacin mai saye.

Wasu ƙasashe sun gane haka. A Misira, cikin ƙauyen Harraniya kusa da Alƙahira, Ramses Wissa Wassef ya tara yaran manoma a farkon shekarun 1950, ya ba su masaƙa da zaren ulu, ya hana a zana masu abin kwaikwayo. Dabino da raƙuma da kasuwar da suke gani su suka saƙa, kuma ana biyansu. Ayyukansu sun kai gidajen tarihi na Turai. A Senegal, shugaba Senghor ya buɗe masaƙar Thiès cikin 1966, gwamnati ta zama babban mai sayenta, tana ƙawata ofisoshi tana yi wa baƙi kyauta. A Faransa, saƙar garin Aubusson ta shiga jerin kayan gado na UNESCO cikin 2009. Ko a Nijar, gidan tarihi na Yamai, da aka buɗe cikin 1959, ya ba masu sana'ar hannu rumfuna inda baƙi ke kallon aiki suna saye, kuma bargon tera-tera bai ɓace ba saboda iyayen amare na Zabarmawa ba su daina nemansa ba.

Cibiyoyin koyon sana'a na kwaminoni sun fi ba da ƙarfi ga ɗinki da walda da kanikanci, kuma ba laifi ba ne. Amma ko an kai masaƙa goma cikin aji, an ba da takardar shaida bayan wata shida, in ba wanda ya zo ya ce a saƙa masa, turakun za su zama iccen girki. Abin da ke raya koyo shi ne aiki a hannun maigida, da kuɗin zare da aka ba shi tun farko.

Wannan kuwa yana hannun masu karanta wannan shafi. Ofishin magajin gari da na prefe duk suna da bango. Duk shekara ana sallamar ma'aikatan da suka yi ritaya ko aka canza masu wurin aiki, ana neman abin da za a miƙa masu. Dillalan albasar Galmi da na dabbobin Badagishiri suna aurar da ƴaƴa, suna yi masu jere. In ɗaya cikin kowane goma ya nemi masaƙi, a Ƙonni ko Tawa ko Sakkwato, ya ce ga abin da yake so a bangonsa, rumbu ko rijiya ko tutar ƙasa, ya biya rabin kuɗin, ya kuma sa sharaɗin a zaunar da yaro ɗaya kusa da masaƙa har a gama, to kafin baɗi yaron ya wuce naɗin kwarkwaro, ya kai ga wadari.