Tsamin Jiki Bayan Ɗaga Ƙarfe: A Daina Ɗora wa Laktik Asid Laifi

Har yanzu a makarantun sakandare da dama ana koya wa ɗalibai cewa sinadarin laktik asid ne yake kawo tsamin jikin da mutum kan tashi da shi kwana ɗaya ko biyu bayan ɗaga ƙarfe. Maganar tana da daɗin ji a kunnen Bahaushe, tunda wannan sinadari shi ne yake sa nono tsami. To, amma ba haka abin yake ba, kuma lokaci ya yi da malamai za su gyara wannan darasi.

Gaskiya ne laktik asid yana ƙaruwa a jini lokacin aikin ƙarfi, amma da an huta kamar awa ɗaya sai ya koma yadda yake. Shi kuwa ciwon ba ya kai matuƙa sai tsakanin awa 24 da 72. A 1983, Schwane da abokan aikinsa a Amurka suka sa mutane gudu a shimfiɗe, sannan a gangare. Gudun shimfiɗe ya ɗaga laktik asid amma bai bar tsami ba. Gudun gangare ya bar tsami alhali sinadarin bai tashi ba.

Tun 1902 Theodore Hough ya nuna inda gizo yake saƙar, wato 'yar yagewar da zaren tsoka yake yi. Wannan ya fi faruwa yayin sauke ƙarfe, lokacin da tsoka take miƙewa tana riƙe da nauyi. Daga nan kumburi ya biyo baya, jijiyoyi su kai saƙon zafi.

Idan tsoka ta yage, wani sinadari mai suna kiriyatin kainas yakan tsiyayo cikin jini, likitoci kuma suna auna shi. Sai dai shi ma ba ma'aunin ciwo ba ne. Yakan kai ƙololuwa bayan kwana 4 ko 5, lokacin da tsamin ya fara lafawa, kuma mutum biyu kan ɗaga nauyi iri ɗaya amma awonsu ya bambanta ƙwarai. Hasali ma, na baƙar fata yakan ɗara na Turawa ko da ba a yi wani aiki ba.

Akwai haɗari cikin jahiltar wannan al'amari. Saurayin da ya ɗauka tsami wata dauɗa ce da za a kore ta da ƙarin aiki yana iya lalata tsokarsa har sinadarin mayogulobin ya kwarara cikin jini ya cutar da ƙoda. Alamarsa ita ce fitsari mai launin baƙin shayi, tare da kumburi da kasala. Wanda ya ga haka, asibiti ya kama shi a ranar.

Saboda haka ya kamata malamai su koya wa ɗalibai cewa yawan ciwo ba shi ne shaidar motsa jiki ya yi amfani ba. A fara da ƙaramin nauyi, a riƙa ƙarawa mako-mako, domin tsokar da ta taɓa yin wani aiki ba ta yin tsami kamar na farko idan ta sake yin sa.