Mai Da'awa Da Ƙwallon Ƙafa: Raddi Ga Masu Suka



Wasu na cewa mai da'awa ya taka ƙwallo zubar da mutunci ne. Ina hujjarsu? Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi tsere da Nana A'isha (RA).

Da muka je da'awa Kumasi a ƙasar Ghana, baƙunta ta dame mu, ba ma jin Ashantanci. Ƙwallon yamma da musun Asante Kotoko da Hearts of Oak su suka haɗa mu da samarin unguwa, daga fili muke wucewa masallaci tare.

Sharaɗi dai a rufe al'aura, ban da caca, kada a jinkirta salla. Wanda ya ƙyamaci wurin da matasa suke, to wa zai kira?

Wallahu a'alam.