A Kawo Mana Taron Masana Hausa Ƙasar Gaya

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan tarurrukan da masana ke yi a biranen Turai game da harshenmu.

Wataƙila da yawa daga cikin 'yan'uwana manoma da 'yan tireda ba su san cewa akwai taron da masana ke yi a kai a kai kan Hausa da danginta, irin su Bade da Ngizim da Bolanci da Tangale ba. An fara shi a Lefzig ta Jamus a 2001, na biyu kuma a Firag, babban birnin ƙasar Cek, a watan Oktoba na 2003. Jama'a, Firag fa! Garin da ko gero ba a shukawa a bayan gida.

Ni dai ba na cikin masu cewa Turawa su bar mana harshenmu. Wanda ya yi aiki a yaba masa. Ƙamus ɗin Bargery da aka buga a Landan a 1934 har gobe malamanmu na buɗa shi. Ana koyar da Hausa a jami'ar Waso, babban birnin Folan. Sashen Hausa na BBC da muke kunnawa tun asuba, a Landan aka buɗe shi a 1957. Duk wannan abin alfahari ne.

Amma fa akwai gyara. Malaminmu na jami'a da zai je irin wannan taro sai ya nemi biza, kuɗinta kawai Yuro 90 tun daga 2024, in an hana shi kuma ba a mayar masa da ko kwabo. Ga kuɗin jirgi, ga masauki. Mutum nawa ne za su iya? Sannan in an gama, sai a buga takardun a can da harsunan Turawa, mu masu abin ko labari ba ma ji. An yi aski ke nan babu mai kai a wurin.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na nan ƙasarmu. Tarihin baka ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano daga Gaya ya tashi ya je gindin Dala neman tama, kuma Abagayawan birni da shi suke danganta kansu. Littafin tarihin sarakunan Kano ma wani Bature ne, Palmer, ya fassara shi aka buga a Landan a 1908. To amma dattawan da suka gaji wannan labari daga bakin kakanninsu suna nan a Gaya da ƙauyukan Ajingi, kuma kullum raguwa suke yi. Duk tsohon da aka kai makwanci, da abin da ke kansa ya tafi. Haka kalmomin noma. Ka tambayi yaro ɗan sakandare mene ne binne, ko bambancin firi da maimai, ko gandu da gayauna, sai ya tsaya yana kallonka. Wallahi na gwada a rumfata, cikin samari biyar ɗaya ne ya san gayauna. Waɗannan ba a otal ɗin Firag za a same su ba, sai a bakin gona da maƙera da gindin bishiya.

Kada wani ya ce ba za mu iya karɓar baƙi ba. Jami'ar Bayero ta yi taron ƙasa da ƙasa kan harshe da adabin Hausa tun a 1978, tana kuma da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya. Ga jami'a a Wudil, nan kusa da mu. In a Kano ko Wudil za a zauna, sai a ware kwana ɗaya a ɗebo masanan a mota a kawo su Gaya, su zauna da maƙera da masu unguwanni da tsofaffin mata masu tatsuniya, a ɗauki maganarsu a ajiye. Mu ma 'yan kasuwa ma ɗan samu ciniki, ba zan ɓoye ba.

Don haka ina kira ga Masarautar Gaya, wadda tun 2024 ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, da shugabannin ƙananan hukumominmu, su rubuta wa Jami'ar Bayero takarda a kan wannan batu. Su kuma malamanmu da Allah ya ba ikon zuwa Turai, in sun dawo su shiga gidan rediyo su faɗa mana da Hausa abin da aka tattauna. In za a zo, don Allah a sa shi bayan kaka, lokacin da aka gama kai amfani gida kuma hanyoyin ƙauye sun bushe.



Naka mai karatu kullum,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Gaya, Jihar Kano.