Allura a Hannun Ɗalibi

A shekarar 1027, zamanin daular Song ta ƙasar Sin, wani likitan fada mai suna Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla mai girman mutum, aka yi masa ƙananan huji a daidai wuraren da ake tsira allura a jikin majinyaci. Kamar yadda aka ruwaito, idan jarrabawa ta zo sai a cika shi da ruwa, a shafe hujin da kakin zuma, a miƙa wa ɗalibi allura. In ya dace, ruwa ya ɗigo. In ya kuskure, allura ta ci karo da tagulla.

Dabara ce mai ban sha'awa, amma tagulla ba ta rama, ba ta ƙiba, ba ta kuma da huhu. Wurare 361 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita a 2008, ɗalibi mai ƙwazo zai iya haddace su. Abin da hadda ba ta bayarwa shi ne sanin zurfin da allura za ta shiga a kafaɗar tsoho ramamme, inda ɗan ƙari kaɗan zai huda huhu, majinyaci ya kasa numfashi. Wannan sai a gaban gadon majinyaci, malami na tsaye a kanka.

Sinawa sun gane haka. Tun 1956 da suka buɗe kwalejojin likitancin gargajiya a Beijing da Shanghai da Guangzhou da Chengdu, karatun ya koma na jami'a. Digirin farko shekara biyar ne, ta ƙarshe a asibiti ake yin ta. Ɗalibi kan fara gwada allura a kan dunƙulen auduga ko takarda, sannan a jikinsa, sannan a jikin abokin karatunsa. A asibiti kuwa ya daɗe yana zaune gefen malami: ya taɓa bugun jinin majinyaci bayan malam ya taɓa, ya duba harshensa, ya kwafe maganin da malam ya rubuta, kafin a sakar masa hannu. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 1999, ta ce wanda ba likita ba yana bukatar horo na awa 2,500, aƙalla 1,000 daga ciki a aikace.

Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na malamin jami'a, shi ne dokar likitancin gargajiya da ta fara aiki a Sin a Yulin 2017. Ba ta rufe ƙofa ga wanda ya koya a hannun ubangida ba. Amma sai likitoci biyu masu lasisi sun tsaya masa, hukumar lardi kuma ta jarraba aikinsa da idonta. Wato ko ta wace hanya ka bi, tambayar ɗaya ce: wa ya gan ka kana yi?

Ko tsira allura na warkar da duk abin da ake jingina masa, wannan muhawara ce ta daban. Hujjar masu bincike ta fi ƙarfi a kan daɗaɗɗen ciwo, kamar na baya da na gwiwa. Amma ko a nan, babban darasin da malami ke koyarwa shi ne gane ciwon bayan da ba na allura ba ne, na ƙoda ne ko tarin fuka da ya kama ƙashi, a tura mai shi asibiti kafin lokaci ya ƙure.

Mu ba baƙin wannan tsari ba ne. Ɗan wanzami kan yi shekaru yana riƙe wa ubansa zabira kafin a bar shi ya kafa ƙaho, kuma Sinawa ma suna yin ƙaho irin nasu. Shi ya sa nake mamakin yadda muke sakin jiki da duk wanda ya rataya takardar shaida mai rubutun Sinanci a bango, alhali wata ta kwas ɗin 'yan makonni ce. Ɗaliban da ke shirin tafiya Sin karatu, kada ku tsaya ga sunan jami'a. Ku tambaya ko tana da asibitin koyarwa, ko ana barin baƙon ɗalibi ya taɓa majinyaci, da harshen da za a yi magana a gaban gadon. Majinyacin da ke Chengdu da Sinanci zai faɗi inda ke masa ciwo, ko da a aji da Turanci aka koyar da ku.