Tabbacin Aiki Kafin Albashi: Waiwaye Kan Yarjejeniyar Malaman Kwantiragi Na Jami'ar Kalifoniya

Da asubahin ranar 17 ga Nuwamba, 2021, sa'o'i kaɗan kafin a tsunduma yajin aikin kwana biyu, ƙungiyar UC-AFT da hukumar Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka cimma matsaya, bayan an shafe fiye da shekara biyu ana kai ruwa rana. Ƙungiyar tana wakiltar malaman kwantiragi kimanin 6,500, waɗanda ke ɗauke da kusan sulusin darussan ɗaliban digirin farko. Abin da ya fi ɗaukar hankali a lokacin shi ne ƙarin albashi na wajen kashi 30 cikin 100 a tsawon shekara biyar. Amma ƙashin bayan yarjejeniyar yana cikin sassan da suka tsara yadda za a riƙa sabunta kwantiragi.

A tsohon tsari, malamin kwantiragi ba ya samun matsayin aiki mai ɗorewa sai ya cika shekara shida yana koyarwa a sashe guda. Kafin nan kuwa ana ɗaukarsa ne shekara-shekara, wani lokaci ma zango-zango, kuma babu abin da ya tilasta wa sashe ya duba ingancin aikinsa kafin ya ƙi sabunta masa. Ke nan ana iya sallamar ƙwararre a shekararsa ta huɗu ko ta biyar, a ɗauko sabon hannu mai rahusa. Ƙarin albashi ba shi da amfani ga wanda ba za a sake kira ba. Haka kuma malamin da bai san makomarsa a zango mai zuwa ba, da wuya ya buɗe baki ya yi ƙorafi kan yawan ɗalibai ko nauyin aiki. Tsoron rashin sabuntawa ya isa ya rufe masa baki, ba sai an yi masa barazana ba.

Sabuwar yarjejeniya ta toshe wannan kafa gwargwado. Bayan shekarar farko ana tantance aikin malami, idan ya gamsar a ba shi kwantiragin shekara biyu, daga nan na shekara uku, tare da fifita shi a kan sabon mai nema idan ana buƙatar darasin da yake koyarwa. Da wakilan ƙungiyar sun karɓi kuɗi sun saki wannan buƙata, da ba a daɗe ana zaman ba. Dagewar da suka yi ita ce daidai.

Hujjar hukumomin jami'a ba ta banza ba ce, domin yawan ɗalibai yana hawa da sauka, kasafin kuɗi ma haka. Sai dai darasin da aka shekara goma ana koyarwa ba tare da yankewa ba, ba a kiransa buƙatar wucin gadi, ko da kuwa mai koyar da shi ne aka mayar ɗan wucin gadi.

Akwai wurin da yarjejeniyar ta gaza, kuma ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Duk kariyar da aka samu ta rataya ne ga sharaɗin cewa sashe yana buƙatar darasin. A jami'o'in Amurka, koyar da harsunan Afirka galibi yana hannun malaman da ba na dindindin ba, kuma azuzuwansu ƙanana ne. Hausa ta daɗe da gindin zama a reshen jami'ar na Los Anjalis a zamanin marigayi Farfesa Russell Schuh, wanda kujerarsa ta dindindin ce. Malamin kwantiragi mai ɗalibai 'yan ƙalilan ba shi da wannan garkuwa. Ranar da shugaban tsangaya ya ce ajin bai cika ƙa'idar yawan ɗalibai ba, an soke darasin, kuma fifikon sake ɗauka da ƙungiyar ta yi fafutukar samowa ba zai tsinana masa komai ba, tunda babu ajin da za a mayar da shi.