Littafi Ba Ya Buɗe Buhu

Ya ku dillalai da fatake, ana ta cika mana kunne da zinariyar da ake saye ta waya. Ga yadda abin yake. Kamfani ya ajiye sandunan zinariya a taska, ya fitar da shaida ta kwamfuta a madadinsu. Ana rubuta cinikin a wani littafi, wai shi bulokcen, wanda kwafinsa ke cikin dubban kwamfutoci, don haka mutum ɗaya ba ya iya kankare shi. Kamfanin Paxos na Amurka ya fito da tasa a 2019: shaida ɗaya, oza ɗaya, wato giram 31 da 'yan kai, ajiye a Landan.

Gaskiya littafin na da ranarsa. A 2014, a tashar jiragen ruwa ta Cindawo a ƙasar Sin, an jinginar da jan ƙarfe da alminiyom ɗaya ga bankuna da dama. Littafin da kowa ke gani zai iya tona irin wannan.

To amma wa ya leƙa buhun? A 2023 Kasuwar Ƙarafa ta Landan ta soke takardun tan 54 na nikel da ke wani sito a Rotadam, domin da aka buɗe buhunan, sai duwatsu. Da a bulokcen aka rubuta su, duwatsun nan ne za su yi ta canza hannu, lissafi kuwa daidai.

Ni dai kafin in ba da ko kwabo, sai na ji wa ke riƙe da mabuɗin taskar, wa ke zuwa ƙirga, kuma shaida nawa zan tara a miƙo mini ƙarfen. Paxos dai 430 suka sharɗanta kafin su ba ka sanda guda.